Injin da Na Bari a Bayan Tsaskiya

Ina saurayi na yi aiki a wata masana'anta a ƙasar Turawa, inda muke ƙera injunan ba da wuta da ake kaiwa can ƙarshen duniya, wurin da ƙanƙara ba ta narkewa. A ajiye inji kusa da na'urar sadarwa, a ja ƙofa, a tafi. Ba mai gadi, ba mai leƙawa, sai shekara ta zagayo. Tausayi abin yake ba ni a lokacin: ƙasa guda babu mai ce maka sannu. Ban taɓa zaton za a buƙaci irin aikin nan a gida ba.

Na dawo Batsari da furfura. Kamfanin da ya kafa ƙarfen sabis a wani ƙauye bayan Tsaskiya ya neme ni in gyara injin wutarsa ya riƙa aiki ba mai kula, don 'yan bindiga sun hana bin hanyar, mai gadi ya gudu, masu kai man dizal sun ƙi zuwa. A ƙauyen nan yayata take zaune, mijinta ya rasu, daga ita sai awakinta.

Can sanyi ne abokin gaba, yana daskarar da mai. Nan kuwa zanzaro ne, mai gina ɗakin laka a ramin da inji ke shaƙar iska, sai ɓera mai cin wayar wuta. Na sa raga, na ƙara tanki, na rage wa injin gudu don ya ja kwana. Da na gama na biya wurin yayata.

"Yaya, ki biyo ni gari."

"Kai auta, wa zai duba mini geron? Kai da ka zauna inda ba a jin kiran salla, yau kai ne matsoraci?"

"Mutane fa sai tashi suke yi."

"Su tashi. Muddin ina jin muryarka a waya, ina nan."

Haka muka ci damina. Kullum bayan la'asar in kira, ta ɗauka, ta yi mini ƙorafin gwiwarta. Duk sanda ta ɗauka na san injin yana aiki, na kuma san shi ya zaunar da ita.

Gab da girbi wayar ta daina shiga. Ko mai ne ya ƙare, ko wani abu ne ya auka wa ƙauyen, ban sani ba, kuma babu mai zuwa ya dubo. Duk da haka kullum bayan la'asar sai na kira.

Ranar kasuwa ina zaune a ƙofar gida sai ga babur ya tsaya. Yayata ta sauko da ƙyar, da ƙunshin kaya a hannu, babu akuya ko ɗaya. Na tashi na karɓi ƙunshin.

"Injinka ya mutu," in ji ta. "Ba ni ruwa."