Tayar Baba Mai Sacewa

Ranar wata Laraba, bayan la'asar, na tsaya wurin wani mai gyaran taya a unguwar Banifandu. Mu biyu ne kawai a rumfar. Ya zuba ruwan sabulu a gefen tayar motata, muka zuba ido, sai ga kumfa tana tasowa a hankali daga wuri guda. Ya ce, “Madam, tayarki lafiya lau take. Janti ne ya lanƙwashe.” Janti shi ne ƙarfen da taya ke zaune a kai. Warin roba da sabulun nan ya mayar da ni unguwar Gamkalle.

A can na tashi, a ɗakuna biyu na haya kusa da lambunan bakin kogi. Mu uku ne: ni, da Baba, da kakata wadda na ci sunanta. Mahaifiyata ta koma garin Tawa tun ina ƙarama, bayan aurensu ya mutu. Sauran mutanen gidan Zabarmawa ne, masu kirki, amma a lokacin Zabarmancina bai wuce gaisuwa ba. Idan yara suna wasa a tsakar gida, nakan zauna bakin ƙofa ina kallo.

Baba direban taksi ne. Yakan fita ina barci, ya dawo ina barci. Abin da na fi sani game da shi shi ne rigarsa da ke rataye a ƙusa.

A wata damina ruwa ya cinye gefen guduro, wato titin kwalta, motarsa ta faɗa rami, jantin ƙafar gaba ya lotsa. Lotsawar ba ta fi faɗin yatsu biyu ba, amma ta nan iska ke sulalewa. Taya takan kai shi yini guda. Kafin gari ya waye ta sace. Yana da famfon ƙafa, sai dai makamar bakinsa ta karye, dole wani ya danne bakin a jikin taya yayin da shi yake takawa. Kaka ba ta iya durƙuso. Saboda haka, bayan sallar asuba, sai in ji hannunsa a kafaɗata.

“Uwata, tashi ki taimake ni.”

Bai taɓa kiran sunana ba, tunda sunan mahaifiyarsa ne.

Mai karatu, ka san aikin bai fi tafasar shayi daɗewa ba. Amma a cikinsa ne na san muryar mahaifina. Yana taka famfo yana ba ni labarin fasinjojin jiya: matar da ta shiga da kaji suka kwance a mota, da ɗan birnin da ya yi ta zuba Faransanci har ya wuce inda zai sauka. Yakan tambaye ni abin da aka koya mana a lakol, wato makaranta, ya saurara har ƙarshe. Masu lambu na wucewa da bokitan ban ruwa, ƙamshin albasa da jiƙaƙƙiyar ƙasa na tasowa. Idan taya ta yi tauri, ya buga mata dunƙule, ya ce, “Ta ƙoshi. Saura ke.”

Haka muka ƙare damina, muka shiga kaka, har sanyi ya sauko. Sanyin bakin kogi ba shi da wasa. Yatsuna suka tsage, na fara tari. Ina jin Kaka ta tare shi wata rana.

“Kai, ba ka jin kunya? Ƙarfe guda ya gagare ka, sai ka kashe mini takwara? Ko ka gyara shi, ko ni in fito in riƙe maka, unguwa ta gani.”

“Inna, ai ita ke so.”

“Yaro ya san abin da yake so ne?”

A gidanmu ba a tsoma baki idan manya na magana.

Ran Lahadi Baba ya ɗauke ni muka haye gada zuwa Harobanda, wurin wani tsohon maƙeri mai miƙar da janti. Wannan ne karo na farko da na zauna a gaban motar. Tsohon ya cire taya, ya mirgina ƙarfen a ƙasa yana kallon inda yake rawa, ya shafa wa wurin alli.

“Direba, tun damina kake yawo da wannan? Rowa ce ko ƙauna?”

Baba ya yi dariya. “Ina da injiniya a gida, shi ya sa.”

Tsohon ya gasa wurin a wuta, ya ɗora bisa gungume, ya yi ta bugu da guduma, ba da ƙarfi ba, kaɗan-kaɗan, yana juyawa yana dubawa. Da ƙarfen ya huce aka mayar da taya, aka zuba ruwan sabulu. Na tsugunna ina jiran kumfa. Na daɗe ina jira. Ko ɗaya ba ta taso ba.

A hanyar komawa, a tsakiyar gada, na yi ƙarfin hali.

“Baba, gobe wa zai riƙe maka famfo?”

“Babu kowa, Uwata. Kin huta. Ki yi barcinki har rana ta fito.”

Da fara'a ya faɗa, yana dubana, kamar wanda ya kawo mini tsaraba. Na ce, “To, na gode.”

Yanzu akwai injin da ke miƙar da janti kafin mutum ya gama amsa waya, kuma mafi yawan mutane sauyawa kawai suke yi. Hakan ya fi aminci, ban musa ba. Shi ma tsohon maƙerin aikinsa ya yi kyau: tayar ba ta ƙara sacewa ba har aka sayar da motar. Tarina ya warke cikin mako guda, Kaka ta yi ta gode wa Allah. Baba kuwa bai sake tashina da asuba ba, har na bar gidan.