Baƙin Allo da Waƙoƙin Baba

Har gobe ban manta da wata Alhamis ta damina ba, shekarata ta biyu ina ƙaramin mai gyara a wani shagon haɗa bidiyo a Kafanchan. Ogana ya tafi Kaduna, ya bar mini aiki ɗaya: in haɗa bidiyon wani dattijo, shugaban mawaƙan coci a Kagoro, wanda ya rasu. Ranar Asabar za a nuna shi a wurin jana'iza. Waƙoƙin da ya rera da yarensu, a kwamfutarmu kaɗai suke.

Kwamfutar, babbar manhajar Linux ce a kanta, kuma tana jan ƙafa. Sai na ce bari in sa mata sabuwar direba, wato manhajar da ke sa katin hoto ya yi aiki. Na sa, na kashe, na kunna. Allo ya yi baƙi ƙirin. Sau biyar ina kunnawa, shiru.

To, mu masu gyara a nan maganinmu ɗaya ne: fomat, a goge komai a sake zubawa. Na ruɗe har na ɗauko filashin da muke yin fomat da shi, na riga na haƙura da waƙoƙin. Ana cikin haka 'yar marigayin, Mama Rifkatu, ta shigo duba aiki, da lemarta a hannu. Na faɗa mata gaskiya.

“Ɗana, ajiye wannan abu,” in ji ta. “Kwamfuta bai mutu ba. Ba ka ji fanka yana juyawa? Tashi in zauna.”

Ni da nake mata kallon tsohuwar da ko waya sai an danna mata! Ashe shekaru ta yi tana koyar da kwamfuta a kwalejin horar da malamai ta Gidan Waya kafin ta yi ritaya. Ta danna maɓallai uku lokaci guda, sai ga farin rubutu a kan baƙin allon. Ta sa tabarau, ta buɗe rahoton da kwamfutar ke rubutawa da kanta, tana bin sa layi-layi da yatsa.

“Ga shi nan. Tsohon direba ya riƙe kati, bai sake ma sabo ba. Kai ba ka tambaye shi ba ne.”

Ta rubuta layi biyu ta toshe tsohuwar direbar, ta ba da umarni a sabunta, ta sake kunnawa. Allo ya kawo, na buɗe bidiyon, sai ga Baba marigayi yana ɗaga hannu yana ba da waƙa. Mama ta cire tabarau ta yi ta share hawaye.

Ku da kuka shigo aikin nan yanzu, ku ji: na'ura tana faɗin ciwonta, mu ne ba ma karantawa. Saura ƙiris in goge muryar mutum saboda gaggawa, 'yarsa tana tsaye a bayana.