Aikin da Ba Ya Buƙatar Murya

Shekarar da aka ba mu sabuwar jiha, dama biyu suka zo mini a tare. Gidan rediyo ya gwada muryata, aka ce in zo in fara karanta labarai. Wani malaminmu ɗan Filato kuma ya samo mini gurbin koyon kwamfuta a Kano.

A daminar shekarar kwalekwale ya kife da yayata a kogin Haɗeja, tana dawowa daga gonar shinkafa, ta rasu. Ban yi kuka ba. Mata na shigowa gaisuwa, ni dai sai gyaɗa kai.

Bayan sadakar arba'in Kawu ya kira ni zaure.

"Wanne kika zaɓa? Tun kina ƙarama kike kwaikwayon masu labarai."

Na duba raina, ban tarar da sha'awar komai ba.

"Kawu, ita kwamfutar magana ake yi mata?"

"A'a, dannawa ake yi."

"To, ita zan koya."

Da kaka na tafi Kano. Na koyi aikin, hannuna ya faɗa. Kullum in zauna in buga rubutun mutane har la'asar, in tashi in koma masauki.