Takardar da na ɓoye a bakin zanena

A shekarar 2001 ni bazawara ce mai 'ya'ya biyu, ina zaune a ɗaki ɗaya a Agege, cikin Ikko. Da ƙyar na samu aikin buga takardu a shagon wata Hajiya mai kwamfuta guda ɗaya tal, 'yar kwatano, wato ta hannu, daga kasuwar Alaba. Ranar da ta ɗauke ni ta gaya mini wadda na gada ta lalata mata firinta, shi ya sa ta sallame ta ko la'asar ba a yi ba. Tun daga nan nake taɓa na'urar nan a tsorace.

Akwai wani dattijo, tsohon ɗan kasuwar goro, da yake zuwa kullum da hantsi. Bai iya boko ba, ga ciwon ƙirji ya ci ƙarfinsa. Sai ya zauna yana ba ni tarihin gidansu da ka, tun daga kakansa da ya taho Ikko da ƙafa, ni kuma ina bugawa. Ya ce jikokinsa Yarbanci ya fi zama a bakinsu, yana tsoron ya mutu su rasa sanin asalinsu. 'Yata yake kirana, ni kuma ina ce masa Baba. Wata uku muka yi a haka.

Wata safiya na kunna kwamfutar, sai ta yi ƙara, wani farin rubutu ya fito a baƙin allo ya ɓace. Na ce innalillahi! Washegari ma haka. Na riƙe biro, kullum in kwafi kalma biyu ko uku kafin ya wuce, har na haɗa layin cikin kwana huɗu. Turancina na sakandare ne, amma na gane akwai maganar lalacewa a ciki. Wallahi ba aikin Baba na tuna ba, sallama na tuna, da bakin yarana. Na ninke takardar na ƙulle a bakin zanena. Duk sanda Hajiya ta tambayi lafiyar na'ura sai in ce lafiya lau.

Kwana tara bayan haka ta ƙi tashi gaba ɗaya. Mai gyara, wani Bayarabe, ya kwance ta ya ce ma'ajiyarta ta mutu, ya tambaya ko ba ta taɓa nuna wata alama ba. Nan na kwance ƙullin ina kuka. Ya karanta ya dafe kai. Ya ce gargaɗi ne na a kwashe abin da ke ciki tun da wuri, aikin da bai wuce rabin awa ba, kuma tsufa ne ya kashe ta, babu hannuna.

Hajiya ba ta kore ni ba, amma aikin Baba na wata uku duk ya tafi da ma'ajiyar. Baba kuwa da na durƙusa na faɗa masa, sai ya ce ba komai 'yata, mu sake daga farko. Bayan an gyara na'urar, sau biyu ya samu zuwa. Shafi shida muka yi, kakansa ko Ilori bai ƙaraso ba, Allah ya karɓi abinsa.

'Yan uwa masu aiki da na'urar wani, in ta nuna muku rubutu, ku kwafe shi ku kai wa wanda ya sani a ranar, ko da za a yi muku faɗa. Ni na tsira da aikina. Jikokin Baba da suka zo karɓar tarihin bayan sadakar bakwai, shafi shida na miƙa musu.