Ɗakin da Lado Magini Ya Roƙa

Duk wanda ya tashi a Ƙofar Kaura ya san Lado Magini, in ma bai san fuskarsa ba to ya taɓa fakewa a zauren da ya gina. Gajere ne baƙi mai faɗin kafaɗa, tafin hannunsa kaushi kamar bayan kaskon tuya. Tun yana saurayi yake kwaɓa jar ƙasa da ƙafa a bakin kududdufi, yana dunƙula tubali yana shanyawa, har ya kai shi ke hawa katanga ana jefo masa yana cafewa. Ba shi da yawan magana, amma akwai zuciya, in gini ya karkace sai ya sa an rushe ko na wane ne.

Da siminti ya cika gari bai yi faɗa da kowa ba, cewa ya yi kowa ya kwana a cikin abin da yake so. Shi dai ya gina wa kansa ɗaki a bayan zaurensa, soro mai rufin azara da bango mai kauri, da 'yar taga ta gabas wadda rana ke leƙowa ta cikinta da hantsi ta sauka daidai bakin gado. Da bazara, lokacin da masu rufin kwano ke gasuwa, ɗakin Lado sanyi ƙalau. Saboda sanyin nan ne ya ɗauko matarsa Sabuwa ya kwantar da ita a ciki da ciwonta ya yi tsanani, a nan kuma ta cika. Kowace shekara kafin ruwa ya sauka sai ya hau da kansa ya yaɓe rufin ya gyara indararo, ba ya yarda wani ya taɓa masa.

'Ya'yansa biyu ne suka rayu, Abbas da ƙanwarsa Haulat. Abbas ɗan fari ne, Lado kuwa mutumin da ne mai alkunya, tunda aka haifi yaron bai taɓa kama sunansa ba. "Yaron nan" yake cewa. In yana da magana da shi sai ya gaya wa Sabuwa ta kai, da ta rasu aikin ya koma kan Haulat, wadda mijinta ya mutu ta dawo gida. Abbas ya yi boko ya yi aikin ofis, da soja suka ce za su koma bariki ya faɗa siyasa, ya tsaya takarar ɗan majalisa. Ranar zaɓe Lado ya bi layi cikin rana ya dangwala masa, sai da aka sake shafa masa tawada saboda ƙasa ta cinye zanen yatsansa. Yaron ya ci, aka ba shi gida a GRA da mota, ya zama Onarabul. Ranar Lado ya yi wa 'yan unguwa sadakar waina.

Ana shirin rantsar da Abbas ciwo ya kayar da Lado. Ciki ya kumbura, ido ya yi ɗorawa, abinci ya ƙi zama. Aka yi asibitin gari, aka wuce har Zariya. A can likita ya ja Abbas gefe ya gaya masa gaskiya: ciwon daji ne a hanta, ya riga ya ci wuri, babu sauran aikin da za a yi. Ya ce a koma da tsohon gida, a rage masa zafi, a bar shi inda hankalinsa zai kwanta. Abbas ya fito yana murmushi ya ce wa Haulat ta gaya wa Baba gyambon ciki ne, magani kawai zai sha. Haka muke, ai. Jikin mutum ne, ransa ne, amma shi ne na ƙarshen ji, wai tausayinsa ake yi.

Gidan da aka koma da shi kuwa ba nasa ba ne. GRA aka kai shi, aka sa shi a wani ɗaki mai santsin daɓe, na'urar sanyi tana hura masa iska har cikin ƙashi, tagar gilashi a rufe da labule mai nauyi. Ba ya jin ladanin unguwarsu, ba ya jin mai tallar koko. Abokansa na Ƙofar Kaura in sun zo dubiya maigadi ne ke tare su a ƙofa ya ce Baba yana hutawa. Masu manyan riguna su ake bari su shiga, su leƙo su ce sannu Baba, Allah ya ƙara sauƙi, su zarce falo a ci kaji a yi maganar kwangila. Wallahi wasunsu ko sunansa ba su sani ba.

Abu ɗaya Lado yake roƙo, a mayar da shi ɗakinsa. Ya gaya wa Haulat, ta kai, amsa ta dawo cewa sai ya ji sauƙi. Ya sake aikawa, amsar ba ta canja ba. Da ya ga hadari ya fara haɗuwa a gabas sai ya shiga damuwar rufinsa, ya tambaya ko an yaɓe, ko an duba indararo. Haulat ta sunkuyar da kai ta ce an yi.

Ƙarya ce, kuma duk Ƙofar Kaura ta san ƙarya ce. Tun makon da suka dawo daga Zariya Abbas ya tura leburori da diga suka hau zauren da ɗakin. Lissafinsa mai sauƙi ne: tsoho zai mutu, zaman makoki kuma a gidan gado ake yinsa, manya za su zo ta'aziyya daga ko'ina. Ina zai sa fuskarsa a ga masu hular dara suna duƙawa su shiga zauren ƙasa? Sai ya sa aka baje wurin aka ɗora katafaren falo na bulo. Ya kira Haulat ya ce in ta kuskura maganar ta kai kunnen Baba, duk abin da ya same shi alhakin yana wuyanta. Ita kuwa baiwar Allah ta haɗiye, kullum tana goge wa ubanta jiki da ruwan ɗumi tana kuka a ɓoye.

Akwai wata nas, Malama Zulaihat, da Abbas ya ɗauko tana zuwa yi wa tsohon allurar rage zafi. Tana ƙarin karatu a lokacin, tana bincike a kan yadda ya kamata a kula da masu ciwon da ya fi ƙarfin magani, don haka takan zaga da 'yar rikoda tana neman izinin majinyata ta ɗauki abin da suka faɗa. Wata safiya bayan ta yi masa allura ta ja kujera ta zauna, ta tambaye shi mene ne ya fi damunsa, kuma me yake so a yi masa. Lado ya daɗe yana kallonta. Tunda ya kwanta an tambaye shi ya jiki ya fi a ƙirga, amma ba wanda ya taɓa tambayarsa me yake so.

Sai bakin da ba ya magana ya buɗe. Ya ba ta labarin ɗakin, daga kududdufin da ya ɗebo ƙasar har giginyar da aka faso azarar, da tagar gabas, da inda Sabuwa ta kwanta. Ya ce zafin ciki yana iya daurewa, abin da ba ya iya daurewa shi ne buɗe ido ya ga silin da bai san wanda ya kafa shi ba. Daga nan ya kafe ta da ido.

"Ɗiyata, ki hwaɗa mani don Allah. Ciwon nan na tashi ne?"

An gargaɗe ta ita ma. Ta dubi rikodar, ta kashe ta, ta ce, "Baba, ni zafin ne zan iya rage maka."

Ya gyaɗa kai ya yi hamdala. Bai firgita ba, ko kaɗan. Mutumin da ya haƙa kaburbura da hannunsa ya fi sau nawa, shi ake ɓoye wa mutuwa kamar yaron goye.

Zulaihat ta sami Abbas a falo ta gaya masa cikin ladabi cewa duk abin da ake yi wa tsohon nan ana iya yinsa a Ƙofar Kaura, ita da kanta za ta riƙa bin sa can da allura, kuma a abin da ta gani wajen majinyata da yawa, wanda aka bari a inda yake so ya fi samun sauƙin zafin ma. Onarabul ya taso mata kamar zai cinye ta. Ya ce allura aka ɗauko ta yi ba wa'azi ba, uban nasa ne ko nata, kuma kada ya ƙara ganin rikodar nan a gidansa. Ya ƙara da cewa me duniya za ta ce in ta ji yana da gida irin wannan ya bar mahaifinsa a kango. Duniya dai, duniya dai. Tsohon da ke kwance a ɗakin baya shi ba ya cikin duniyar.

Da labarin ƙin da Abbas ya yi ya iso wa Lado sai ya juya fuska bango. Ya ƙi kunu, ya ƙi magani, allurar ma ya janye hannunsa. Zafi ya taso masa yana gumi yana cije leɓe, amma ya ƙi. Haulat ta durƙusa tana roƙonsa, ya ce mata shi bai taɓa roƙon kowa komai ba sai wannan, in ita ma ta bi bayan yayanta to ta tashi ta ba shi wuri. Ranar ta kasa daurewa. Ta jira Abbas ya tafi zaman majalisa, ta aika aka kira Gwadabe, maƙwabcinsu kuma tsohon abokin aikin Lado, ya zo da motar haya. Suka naɗe tsohon a bargo suka fito, ta ce wa maigadi asibiti za su.

A hanya sau da yawa ta buɗe baki za ta gaya masa, sai ta ga yadda yake leƙen taga yana nuna gidajen da ya gina, fuskarsa ta washe, sai maganar ta maƙale. Gwadabe kuwa ya zura wa titi ido kamar shi ne direban.

Motar ta tsaya. Lado ya duba ya ce direba ya yi kuskure, a ƙara gaba. Ba wanda ya motsa. Sai ya ga bishiyar darbejiyar da ya dasa da hannunsa, a bayanta ga wani gini fari fat da ƙofar ƙarfe, masu fenti suna kan tsani. Ya ce a fito da shi. Suka riƙe shi ta kafaɗu suka shiga. Babu zaure, babu soro, babu tagar gabas. Falo ne fetal mai warin fenti, a kusurwar da gadonsa yake a da an jibge fararen kujerun roba sababbi har kusan silin, ga ƙarafan rumfa a jingine. Zaman makoki a kan kujera! Mu da muka san tabarma.

Lado ya daɗe yana kallon kujerun. Ba sai an yi masa bayani ba, ya san na mene ne, ya kuma gane tun yaushe aka san zai mutu. Ana haka motar Abbas ta yi birki a waje, maigadi ya buga masa waya. Ya shigo babbar riga tana jan ƙasa, ya fara yi wa Haulat tsawa, sai ya haɗa ido da ubansa ya dakata. 'Yan unguwa sun cika ƙofa.

"Abbas," in ji Lado.

Haulat ta dafe ƙirji. Tunda take ba ta taɓa jin sunan nan a bakin ubanta ba. 

"Abbas, sauko mani da guda in zamna. Ai don ni ka sawo su."

Ba wanda ya iya ɗaga hannu. Abbas ya fara cewa Baba ai don a gyara maka ne, Lado ya ɗaga masa tafin hannun nan mai kaushi ya katse shi. Tsohon ya juya ga Gwadabe ya tambaye shi ko zaurensa yana nan yadda ya gina masa shi. Gwadabe ya ce yana nan, hawaye na bin gemunsa. Ya ce to a kai shi can.

A zauren Gwadabe ya ƙarasa kwanakinsa, a kan tabarma da 'yar katifa, ƙarƙashin azarar da ya jera tun yana da ƙarfinsa. Zulaihat tana zuwa da allurarta ba tare da ta nemi izinin kowa ba, abokansa suna shigowa su zauna a yi hira, Haulat tana gefe da kofin ruwa. Zafi ya lafa masa ƙwarai. Amma zauren ba shi da taga ta gabas, kullum da hantsi sai a ga ya juya kai yana neman rana a bango. Abbas ya zo ya durƙusa a bakin ƙofa ya fi sau ɗaya, Lado yakan amsa gaisuwarsa, ya ce ya yafe masa don Allah, amma bai ƙara kallon fuskarsa ba.

Ya rasu ruwa na tsakiyar sauka. Aka yi zaman makoki a sabon falo, motoci suka toshe layi har bakin titi, kujeru suka yi amfaninsu. Haulat tana daga cikin gida tana jiyo manyan baƙi suna yaba fenti da silin, wani mai kakkaurar murya yana cewa Allah ya yi wa Onarabul albarka, samun ɗa irin wannan sai an tona, dubi irin ɗakin da ya gina wa mahaifinsa kafin ya rasu.

Duk falon aka amsa da amin.