Kunnen Kaka a Kan Ciki

Jiya a kasuwar Gumel na ga mai kankana yana ƙwanƙwasa kayansa yana kasa kunne, sai kakata ta faɗo mini a rai. Haka take yi wa cikinmu. Wata rana da cikina ya ɗaure, ta kwantar da ni a tabarma, yatsunta suna warin daddawa, ta ƙwanƙwasa nan, ta ƙwanƙwasa can.

"Ja'iri, ka mai da cikinka rumbu," in ji ta. "Tashi ka tsotsi aduwa."

Wani lokacin kuwa kwaɗon zogale take cewa, ko jiƙon tsamiya, ko gwanda. Me take ji da yake bambanta su? Har yau ban gane ba.

Da safen nan 'yata ta tashi tana murƙususu. Na ƙwanƙwasa cikinta yadda na ga ana yi, ya yi ƙara, na tsaya sororo. Wannan ƙarar ta aduwa ce ko ta tsamiya?

Yarinyar ta ɗago. "Baba, me cikin ya ce?"

Na saɓe ta muka nufi asibiti.

Allah ya jiƙan Kaka, ya haskaka makwancinta. Mu da muka gaji yatsun ba mu gaji kunnen ba, Allah ya dube mu.