Allon da Yaya Istifanus Yake Juyawa

Shekara bakwai ke nan da muka binne yayana Istifanus, amma har yau in na bi ta bayan tashar jirgin ƙasa ta Kafanchan ranar Lahadi da yamma, sai in ji kamar ana kaɗa jakar masara a kunnena. Na daina waiwayawa. Na san babu kowa a gindin mangwaron da yake zama da abokansa sai awaki.

Yaya tsohon ma'aikacin layin dogo ne. Da ya yi ritaya, maimakon ya huta kamar kowa, sai ya cire ƙofar kabad ɗin matarsa ya zana duwatsu da rafuka a kai, wai ya ƙirƙiro wasan yaƙin zamanin kakanni. Gefe ɗaya mutanen dutse ne, masu kwari da baka da rumbuna. Ɗaya gefen mutanen fili ne, masu dawakai da gishiri. Tsakuwa da murafun kwalba su ne mayaƙa. Matarsa ta yi faɗa har ta gaji, daga baya ita ce mai ɗinka masa jakar wasan.

Abokan wasansa kuwa, kai, Allah Ya yi masu gardama! Oga Emeka mai kayan gini da Malam Sani tela suna iya cinye yini guda a kan ko doki zai hau dutse da damina. Yaya har Zangon Kataf ya je ya tambayi tsofaffi, ya dawo ya gyara doka. Doka ɗaya ce kawai ba ya bari a taɓa. A jakar nan akwai farar masara, da jar ƙwaya guda ɗaya. Kowa ya yi wasansa sai ya zaro ƙwaya. Da zarar jar ta fito, sai a juya allon: gefen da kake ragargazawa ya zama naka, ka ci gaba da abin da ka rage masa. Babu wanda ya san yaushe za ta fito. Saboda haka kafin ka ƙone rumbun mutum, sai ka yi tunani. Na taɓa ce masa wannan zalunci ne. Ya yi dariya, ya ce ni malamar makaranta ce, shi ya sa nake son a san na ɗaya.

An tare motar da ya shiga a hanyarsa ta dawowa daga gonar citta a wajen Kachia, aka kashe shi. Har yau ba mu san su wane ne ba, sai dai kowa ya yi zarginsa a ransa. Malam Sani ya zo gaisuwa, ya miƙa wa Bitrus, babban ɗan Yaya, hannu. Bitrus ya kau da kai. Daga ranar wasan ya mutu, allon ya dawo ƙarƙashin gadona.

Bara sai ga Bitrus, wanda yanzu aikin kwamfuta yake yi a Kaduna, ya tara masu son irin waɗannan wasanni a wani zaure na waya, suna so su mayar da wasan babansa na waya. Na yi murna ƙwarai. Suna gardamar doki da dutse kamar tsofaffin nan, ni kuma ina karantawa ina kuka. Amma sai suka zo kan jar masara. Yawancinsu suka ce a cire ta, wai babu mai son ya sha wahala wani ya gaji nasararsa. Na kira Bitrus na roƙe shi. Ya ce, "Anti, Baba ya yi ta juya wa mutane allo. Shi wa ya juya masa?"

Ina yawan tambayar kaina abin da Yaya zai ce, in ya ga garin da yanzu kowa ya san unguwar da ba ya shiga. Abin da ya fi tsorata ni ba wasan ba ne. Ɗan da ya haifa ne nake gani yana zama wani mutum da Yaya ba zai gane ba.

Da Bitrus ya zo Kirsimeti, na fito da allon, na kuma aika wa Malam Sani ba tare da na gaya masa ba. Tsohon ya shigo da sandarsa ya zauna. Bitrus ya harare ni, amma ya ɗauki gefen dutse. Ban taɓa ganin wasa mai zafi irin wannan ba. Ya kashe dawakai, ya ƙone kasuwa, ya bi mayaƙan Malam Sani ɗaya bayan ɗaya har saura ƙalilan. Sannan ya sa hannu a jaka, ya buɗe tafinsa. Jar ƙwayar ce.

Ya kama gefen allon, daidai wurin da babban yatsan babansa ya goge fenti, amma ya kasa juya shi. Can sai Malam Sani ya dogara sandarsa ya miƙe, ya zagayo a hankali, ya tsaya a kansa.

"Tashi, ɗana," in ji shi. "In allon ya yi nauyi, mu sai mu juya."

Bitrus ya tashi ya koma ɗaya kujerar. Ya dubi ɓarnar da ya yi daga inda tsohon yake kallonta, ya rufe fuska da hannu biyu.

Ban san abin da zauren nasu zai yanke ba, kuma ban sake tambaya ba. Gidan Yaya an sayar, jirgin da ya yi wa aiki ma ba kullum ake jin kukansa ba. Abin da ya rage nasa ƙofar kabad ce da jakar masara. Da Bitrus zai koma Kaduna ya bar mini allon, amma da na zazzage jakar don in shanya masarar, ban ga jar ƙwayar ba.